Tashar Kirinowa: Kafin a Sayo Sabon Famfo, a Fara Tambayar Tafki

A ƙaramar hukumar Marte ta jihar Borno akwai wani kanal mai tsawon kilomita 29 da aka haƙa daga Tafkin Chadi zuwa garin Kirinowa. A ƙarshensa aka gina tashar manyan famfuna. Aikinsu na jigo ne, sai dai jigon ƙarfe da wutar lantarki: su ɗebo ruwan tafki su ɗora shi kan ƙasar da ta fi tafkin tudu, daga nan ya gangara da kansa ya ratsa gonaki. Wannan tasha ita ce ƙashin bayan Shirin Noman Rani na Kudancin Chadi, wanda a zamaninsa ake lissafa shi cikin ayyukan ban ruwa mafi girma a Afirka ta Yamma. An tsara masa hekta 67,000 da iyalan manoma kusan 55,000. Yau fiye da shekara arba'in ke nan da fara kunna famfunan, amma ba a taɓa yin shekarar da aka noma ko kusa da rabin wannan fili ba.

An sha jin hukumomi, na Maiduguri da na Abuja, suna maganar farfaɗo da shirin, kuma dalilinsu a fili yake. Najeriya na shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci. Ga kuma dubun dubatar mutanen Marte da Ngala da Monguno da rikici ya raba da gonakinsu, wasu a sansani, wasu a gidajen dangi, suna jiran abin da za su koma su tarar. Ƙasa tana nan, manoma suna nan, tafkin ma bai ƙafe ba.

Sai dai tayar da tsohuwar tashar famfo ya wuce a ba da kwangila, a sauke sababbin injuna daga tirela, a yanke ƙyalle a watse. Ba tsufa kaɗai ya kwantar da injunan Kirinowa ba. Tun suna sababbi fil, fentinsu bai ko dushe ba, suka fara zaman banza, domin ruwan da aka gina su su ɗaga ya janye ya bar su. Duk gyaran da bai fara daga nan ba, kuɗi ne za a sake zubawa a laka.

Kuɗin fetur da burin alkama

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya girgiza yankin Sahel gaba ɗaya, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, mai hedikwata a Maiduguri, tare da takwararta ta Sakkwato da Rima. A 1976 aka faɗaɗa tsarin, hukumomin raya koguna suka zama goma sha ɗaya. Lokaci ne da kuɗin fetur ya shigo ƙasa da yawa, burodi ya zama abincin safe a birane, kuɗin sayo alkama daga waje kuma yana ta hauhawa. Masu tsara manufofi suka ga cewa maganin fari da maganin shigo da alkama duk ɗaya ne, wato babban noman rani.

Yankin Marte ya ja hankalinsu saboda ƙasarsa. Firgi ce, baƙar laka mai nauyi, shimfiɗaɗɗiya iyakar ganin ido, tana riƙe ruwa. Barebari da Larabawan Shuwa sun daɗe da sanin sirrinta. Sukan yi mata ƙananan kunyoyi su tare ruwan damina, in ya tsotse su dasa masakwa, ta nuna da danshin ƙasa kawai ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Tun a shekarun 1960 aka yi ƙaramin gwajin noman rani a Ngala da ruwan kogin Ebeji, abin ya ba da ƙwarin gwiwa. Tsarin da aka fitar shi ne alkama da sanyi, shinkafa da damina.

Lokacin cikar tafkin ma ya dace da buƙata. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba wa Tafkin Chadi, kogin Shari da reshensa Lagon ne ke kawo shi, daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tuddan Kamaru. Ruwan yakan yi doguwar tafiya, don haka tafkin ba ya kai maƙurar cikarsa sai wajen ƙarshen shekara, daidai lokacin da alkama ke buƙatar sha.

Aka gina gari sukutum, Sabon Marte, da gidajen ma'aikata da garejin gyara da tashar lantarki mai shan dizal, aka ja waya zuwa Kirinowa. A 1979 aka ƙaddamar da kashin farko, wanda aka tsara wa hekta 22,000. Amma a lura da tsawon sarƙar da aka ƙulla: tankar mai ta taso daga nesa, janareta ya tashi, wuta ta bi waya, mota ta juya famfo, ruwa ya shiga babban kanal, a buɗe ƙofa, sannan ya isa fangalin manomi. Zobe ɗaya ya tsinke, alkama ta bushe.

Da ruwa ya juya baya

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayanan da aka dogara da su wajen zana shirin mafi yawansu na waɗancan shekarun wadata ne. Tafkin kuwa ba shi da zurfi, faɗi gare shi. Idan ruwansa ya sauka da mita ɗaya tak, gaɓarsa na iya ja da baya kilomita da yawa. Tun ana cikin aikin gini, farin shekarun 1970 ya raba tafkin gida biyu, na arewa da na kudu, da wani tudu a tsakani. Gargaɗi ne bayyananne, amma an riga an sa hannu a kwangiloli, aiki ya ci gaba a kan tsohon zane.

Zanen yana da iyaka guda wadda ba ta da makawa. In tsayin ruwan tafki ya gaza mita 279.9 daga doron teku, ruwa ba zai iso bakin famfuna yadda za su iya jansa ba. Farin 1983 zuwa 1985 ya kai tafkin ƙasa da wannan iyaka, faɗinsa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da. A shekarun farko na shirin, ba kowace shekara aka samu yin ban ruwa ba, kuma mafi yawan abin da aka noma bai wuce hekta 7,000 ba.

Manoma ba su zauna jiran injin ba. Barebari da Shuwa da Hausawan da suka zo yankin kamun kifi da fatauci suka bi ruwa inda ya tafi, suka shiga cikin tsohon kwarin tafki suna shuka masara da wake a kan danshin da ya bari. Sababbin ƙauyuka suka tsiro a wuraren da a da kwalekwale ke yawo. Talaka ya sauya rawa da kiɗa ya sauya, siminti da ƙarfe kuwa suka tsaya inda aka dasa su. A 1985 masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, inda suka nuna tsadar da ke tattare da ƙoƙarin noma alkama a manyan shirye-shiryen ban ruwa na Arewa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, amma bayan 'yan shekaru aka janye haramcin, don noman cikin gida bai cike giɓin ba.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare, cewa Tafkin Chadi na mutuwa. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna wani abu daban. Tun daga shekarun 1990 ɓangaren kudu ya ɗan farfaɗo ya daidaita, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun cika yankin da ruwa har ya yi ɓarna. Halin tafkin shi ne kai da komo, bana ya zo har ƙofar gida, baɗi a neme shi a nesa. Tashar da za ta yi aiki a bakinsa dole ta iya jure shekarar ƙamfa da shekarar ambaliya duka biyun.

Abin da ke cin famfo

Wanda ya shiga irin wannan tasha zai fara cin karo da ragar ƙarfe a bakin ruwa, wadda ke tare ciyawa da itace da tarkace. Bayanta akwai zurfafan ramuka na siminti inda ruwa ke taruwa. A cikinsu farfela take nutse, doguwar sandar ƙarfe ta haɗa ta da motar lantarki da ke sama. Mota ta juya sanda, sanda ta juya farfela, farfela ta tura ruwa sama cikin bututu.

Abu na farko da ke cin wannan kaya shi ne yashi da laka. Kowace ƙwayar yashi da ta bi ruwa tana goge bakin farfela. A hankali tazarar da ke tsakanin farfela da kaskonta ta buɗe, ruwa ya riƙa zamewa yana komawa baya. Injin na ruri kamar kullum, yana shan wuta kamar kullum, amma abin da yake fitarwa ya ragu. Idan babu ma'aunin ruwa a bakin bututu, ana iya shekara ba a gane ba.

Na biyu shi ne ƙarancin ruwa a rami, kuma wannan ita ce cutar Kirinowa ta asali. In ruwan da ke saman farfela ya yi ƙasa, sai ya fara juyawa yana zuƙo iska. Ƙananan kumfa su riƙa tasowa suna fashewa a jikin ƙarfe da ƙarfin gaske. Tsohon ma'aikaci da kunne yake gane ta, don ƙarar takan zama tamkar ana zuba tsakuwa a cikin kasko, ginin kuma ya ɗauki rawa. In aka zaro farfelar, sai a ga bakinta duk ramuka, ƙarfen ya ciccinye. Famfon da aka tilasta wa aiki a haka, watanni kaɗan suke isarsa.

Na uku shi ne zama. Injin da ya yi shekaru ba a juya shi ba, giris ya daskare, boris ya yi tsatsa, robobin da ke hana yoyo suka tsattsage, danshi ya shiga kwayil, ɓeraye suka ci rigar waya. Abin da tsatsa ta bari kuma, masu neman jan ƙarfe su ƙarasa. Shi ya sa injiniyan da ya san aikinsa ba ya fara danna maɓalli. Sai ya auna lafiyar kwayil, ya busar da shi, ya juya sanda da hannu ya ji ko ta lanƙwashe. Garajen kunna tsohuwar mota don a nuna wa baƙi tana aiki ya ƙona injuna da dama da za a iya ceto.

Akwai abubuwan da ido ba ya zuwa kansu, alhali su ne ke yanke hukunci. Ƙugiyar ɗaga kaya da ke rataye a rufin tasha ita ya kamata a fara gyarawa, domin in babu ita ba mai iya zaro famfo mai nauyin tan da yawa daga raminsa. Sai bawul ɗin da ke bakin bututu. Idan wuta ta ɗauke farat ɗaya kuma bai rufe ba, ruwan da aka tura sama zai dawo da gudu ya juya farfela baibai, ya yi wa injin lahani. Sai taransifoma da akwatunan rarraba wuta, da simintin ginin kansa, wanda sai an kwashe ruwan rami an duba ko ya tsage. Kayan gyaran injunan shekarun 1970 kuma da yawansu an daina ƙera su. Saboda haka kowane famfo sai an yi masa hukuncinsa daban, wannan a gyara, wancan a cire kayansa a tallafa wa ɗan uwansa, wani kuma a sauya shi ɗungurungum.

In an zo sauyawa, hikimar zamani ta karkata ga famfuna matsakaita da yawa maimakon ƙatti kaɗan, ta yadda in ɗaya ya tsaya sauran za su ci gaba, in ruwa ya yi kaɗan a kunna biyu a bar sauran. Akwai na'urar da ke rage wa mota gudu ko ta ƙara mata gwargwadon ruwan da ake da shi. Akwai kuma famfunan da ake ɗorawa a kan abin da ke iyo, suna hawa da sauka tare da ruwa. Duk waɗannan sun fi dacewa da tafki mai kai da komo.

Sannan ga kanal ɗin kilomita 29. Ruwan da ke tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa laka yake ajiyewa, laka kuma ciyawa take haifarwa. Mutanen Hadeja da Nguru sun san yadda kachala ke toshe hanyar ruwa har ta sauya wa kogi alƙibla. Yashe irin wannan kanal aikin kowace shekara ne, da injinsa da ma'aikatansa da kasonsa a kasafin kuɗi.

Lissafin da ba a son yi

Sayen famfo sau ɗaya ake yi, ciyar da shi kuwa kullum ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa alkama na buƙatar ruwa milimita 450 zuwa 650 a kaka guda. Mu ɗauki 500. A hekta ɗaya, wannan na nufin lita miliyan biyar. A kanal na ƙasa wanda ba a shafe da siminti ba, ga rana ga yoyo, ba abin mamaki ba ne rabin ruwan ya salwanta a hanya. Ke nan sai famfo ya ɗaga lita miliyan goma.

A matsayin misali, a ce za a ɗaga wannan ruwa tsayin mita goma. Famfo mai lafiya, wanda ke mayar da kashi 70 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, zai ci yunit kusan 390 na lantarki. Janareta kan sha kusan kashi uku cikin goma na lita kafin ya ba da yunit ɗaya, wato lita 110 zuwa 120 na dizal a kowace hekta. A hekta 7,000 an doshi lita 800,000, tanka fiye da ashirin, kowacce sai ta ratsa hanyar da babu tabbacin tsaro. Tunda litar dizal ta haura naira dubu, kuɗin ɗaga ruwa kaɗai ya wuce naira 100,000 a hekta, ba a yi maganar iri da taki da girbi ba. In kuma farfela ta cinye har ƙarfin famfo ya sauka zuwa kashi 50, man da za a ƙona zai ƙaru da kashi 40 cikin 100. A nan ake gane cewa siminti a jikin kanal da sabuwar farfela kuɗin mai suke ragewa kai tsaye.

Dogaro da babban layin wutar ƙasa ma yana da nasa haɗari. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, Maiduguri kanta ta shafe watanni a duhu, har sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 wadda aka ƙaddamar a 2023. Hasken rana kuwa Allah ya hore wa Borno shi, kuma farashin allunan sola ya faɗi ƙwarai. Amma sola da rana take aiki, hazon hunturu kuma yana rage mata ƙarfi daidai lokacin alkama. Sai an tanadi madatsun ajiya da za a cika da rana a saki da dare, da masu goge ƙura, da masu gadi, da janareta na ko-ta-kwana.

Abin da Bakolori da Nijar suka koyar

Kirinowa ba ita kaɗai ta sha wannan ɗaci ba. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, an kammala madatsar ruwa a 1978 aka tsara hekta 23,000, kusan 15,000 daga ciki da na'urorin feshin ruwa masu dogaro da famfo da lantarki. Da wuta da kayan gyara suka gagara, ɓangaren feshi ya mutu, wanda ruwa ke gangarawa da kansa ne ya ci gaba da ciyar da mutane. Da aka zo gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 500, ba a nace sai an dawo da tsohon tsari ba. An mayar da wani ɓangaren feshin zuwa ban ruwa na gangara, aka kuma ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa matsayi a tafiyar da aiki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A Kudancin Chadi ba za a iya rabuwa da famfo ba, tunda gona ta fi tafki tudu, amma ana iya rabuwa da girman da ya fi ƙarfin aljihu.

A Jamhuriyar Nijar, gonakin shinkafa da ke bakin kogin Kwara, irin su Saga da Ndunga da Say, da famfunan lantarki suke sha. An kafa hukumar ONAHA a 1978 don kula da su, bayan taron Damagaram na 1982 kuma aka miƙa ragamar gudanarwa ga ƙungiyoyin manoma. Kowane manomi na biyan kuɗin ruwa bayan girbi, da kuɗi ko da shinkafa, kuma a cikin lissafin akwai kuɗin wuta da na gyara da wani kaso da ake ajiyewa don ranar da famfo zai mutu. Tsarin yana da nasa ciwon, don akwai bashin da ba a biya da asusun ajiyar da ake taɓawa. Duk da haka gonaki da yawa sun shafe shekaru arba'in ana noma su sau biyu a shekara, domin famfon yana da masu shi, kuma suna kwana kusa da shi. Su ma sun ga illar dogaro da wuta daga nesa a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba Nijar mafi yawan lantarkinta bayan juyin mulki.

Manomin ƙarshen kanal

Alkama ba ta da haƙuri da jinkiri. Ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don ta yi ido cikin sanyi. In ruwan farko ya makara da wata guda, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai riske ta tana cika, ƙwayar ta motse. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da iri masu jure zafi, amma babu irin da ke jure famfon da bai tashi ba.

Firgi kuma tana da nata hali. In ta bushe takan tsage, tsagar da hannu ke shiga har gwiwar hannu. Ruwan farko da aka sako cikin tsagogin yake zurarewa, sai ƙasar ta sha ta kumbura ta rufe bakinta kafin ya fara tafiya gaba. In ta jiƙe kuma ta zama danƙo, tarakta ba ta shiga, ruwan da ya yi yawa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Saboda haka magudanar fitar da ruwa tana da muhimmanci daidai da ta shigo da shi.

Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yakan sha har ya yi ɓarna. Na ƙarshen kanal shi ke kwana a bakin fangali da fitila yana jiran abin da ya rage, shi ne kuma ake zuwa wa da takardar kuɗin ruwa daidai da na kowa. Mutum ba ya biyan kuɗin abin da bai gani ba, in bai biya ba kuma babu kuɗin mai, in babu mai ruwa ya ƙara raguwa. Ta wannan hanya shirye-shiryen ban ruwa da yawa suka durƙushe tun ƙarfensu bai gaji ba. Ma'aunin lafiyar tasha shi ne ranar da ruwa ya isa gonar ƙarshe.

Tsaro kafin komai

A 2013 mayaƙan Boko Haram suka mamaye yankin Marte, Kirinowa ta zama ɗaya daga sansanoninsu. Dubban manoma suka gudu suka bar alkama ta nuna a gona ba a girbe ba. Ranar 14 ga Mayun shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta fara mayar da mutane Sabon Marte a ƙarshen 2020, amma hare-hare ba su tsaya ba, har a Mayun 2025 an kai wa sansanin soja na Marte farmaki. Kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020, inda aka binne mutum 43 rana guda, yana nan a zuciyar duk mai shirin fita gona a Borno.

Tasha guda da dogon kanal guda abu ne mai sauƙin kai wa hari da wuyar karewa. Kafin injiniya ya taka bakin kanal, sai masu kwance abubuwan fashewa sun riga shi. Bai kamata a tura manomi da iyalinsa fili don a samu hoton girbi ba, alhali ba a shirya kare ransa daga shuka zuwa sussuka ba.

Ta inda ya kamata a fara

Matakin farko ba ya buƙatar biliyoyi. A kafa ma'aunan ruwa a bakin kanal da cikinsa, a haɗa da bayanan Hukumar Tafkin Chadi da ƙasashen yankin suka kafa a 1964, a fitar wa jama'a lissafin shekara nawa cikin goma ruwa ke isa Kirinowa, kuma wata nawa yake yi. Daga wannan lissafi za a san zurfin da za a ba ramin famfo da girman filin da za a iya yi wa alkawari.

Na biyu, a bi tashar ƙusa-ƙusa a rubuta halin da kowane abu ke ciki, a buga rahoton kafin a ba da kwangila. Na uku, a zaɓi yanki guda kusa da garin da ke da tsaro, hekta dubu ko dubu biyu, a gyara shi tun daga famfo har magudanar fita, da wutarsa a kusa da shi. A bar wa masakwa gurbinta, don ita ce ke rufa asiri a shekarar da tafki ya ƙi zuwa. A zauna da manoman tun ranar farko a yanke kuɗin ruwa da jadawalin rabo, asusun gyara kuma ya kasance da sa hannunsu. A sa wa ɗan kwangila sharaɗin kawo kayan gyara na shekaru, da horar da matasan yankin daga Kwalejin Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri, tare da neman tsofaffin ma'aikatan tashar da suka rage, domin abin da ke kansu babu shi a takarda.

Sai wannan yanki ya yi kaka uku a jere ruwa na isa gonar ƙarshe a kan lokaci, manoma na biyan kuɗinsa ba da tilas ba, sannan a buɗe na gaba. Hekta dubu biyu da ake girbewa kowace shekara sun fi hekta 67,000 da ke cikin fayil amfani ga mutanen Marte. Sun yi jiran da ya isa, kuma haƙƙinsu ne a wannan karon a faɗa musu gaskiyar abin da tafki da aljihun gwamnati za su iya ɗauka, sannan a cika shi.